Kalmomi Goma Tsakanin Umdurman da Alshajara

Mahaifina tela ne, kuma wandon da ya fi iya ɗinkawa an daina sa shi tun kafin a haife ni. Birichis yake kiransa. Wando ne na hafsoshin zamanin Ingilishi masu hawan doki, mai faɗi a cinya, ya zo gwiwa ya tsuke, daga nan zuwa ƙwauri sai jerin maɓallai. A shagonsa na Umdurman jallabiya yake ɗinkawa da kayan 'yan makaranta, amma a bayan ƙofa akwai ƙusa guda da ya rataye wasu kwalaye biyar da aka yanka siffa-siffa, sun yi baƙi saboda taɓi. Ba mu taɓa ganin ya ɗora su a kan yadi ba. In ƙura ta hau su dai yakan sauke ya kakkaɓe, ya mayar.

Ya koyi ɗinki yana saurayi a barikin soja a Khartum, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara nasu ya nasu. A can ya haɗu da mutumin da muka tashi muna ce wa Kawu, ko da yake babu jinin da ya haɗa mu. Shi Kawu gyaran bindiga ya koya, tsohuwar nan mai cin harsashi goma da ake ce wa Abu Ashara. Da ya bar aiki sai ya kafa rumfa a ƙofar gidansa a Alshajara, kudancin Khartum, yana gyaran risho da kwaɗo da kan keken ɗinki. Gajere ne mai ƙatuwar murya, kuma ko ranar Idi ba ka rasa baƙin mai a ƙarƙashin farcensa.

Kowace Juma'a Baba yakan rufe shago da hantsi, ya hau mota ya ƙetare gada zuwa Suk al-Arabi, ya yi sallah a babban masallaci, sannan ya nemi motar Alshajara. Tafiya ce mai cin rai, ga rana ga cunkoso, amma bai taɓa fashi ba sai in ciwo ya kayar da shi. Uwarmu takan ce in dai shayi ne, a Umdurman ma ana dafawa. Sai ya gyara rawani ya fita.

Na bi shi 'yan lokuta ina ƙarami, na ga abin da ake shan wannan wahala dominsa, ban kuwa ga komai ba. Mutum biyu ne a kan gadon igiya a ƙarƙashin darbejiya, suna kurɓar shayi, suna kallon titi. Hirarsu ba ta cika cokali ba. Sai la'asar ta matso Kawu zai ajiye kofi, ya goge tafinsa a gwiwa, ya miƙa hannuwa biyu ya tallafo bindigar da babu ita.

"Magazin," in ji shi, ya danna da yatsa ya zare gidan harsashi daga ƙasa, ya ajiye a gefe.

"Tofsai," in ji Baba, ya shimfiɗa tafi a kan cinyarsa. Ƙyallen gaban wando ke nan.

"Bolti." Kawu ya ɗaga, ya ja baya, ya zaro sakatar da ke tura harsashi.

"Andasai." Baba ya shafa iska daga ƙugu zuwa ƙasa, ƙyallen baya, wanda ake ba shi faɗi don mutum ya sake a kan sirdi.

Haka za su yi ta miƙa wa juna. Kawu ya kwance noskaf, hular ƙarfen da ke kusa da bakin bindiga, Baba ya amsa da fol, murfin gaban wando da ake ɓallewa da maɓallai tun kafin zif ya zo duniya. Kawu ya tsamo siya da yatsu biyu, ɗan ƙarfen cikin da ke riƙe harbi har sai an ja kunama, Baba ya ce kontinuweshan, ƙarin ƙafar da ke sauka daga gwiwa. Na ƙarshe Kawu ya murɗe bat, katakon gindi da ake dogarawa a kafaɗa, Baba ya rufe da sitirafin, facin fatar da ake sawa a cikin gwiwa don kada sirdi ya cinye yadi. Daga nan Baba ya jawo takalmansa, mu kama hanya. Yanzu ne nake iya jero muku su haka. A wancan lokaci surutun tsofaffi kawai nake ji, hankalina yana wurin mai sayar da ƙanƙara.

Shi Baba, Babana yake ce mini a gida, saboda sunan mahaifinsa aka sa mini. Da wannan suna na yi rarrafe, da shi na gama sakandare, da shi na shiga kwalejin malamai na fito da takardar koyar da Turanci. Ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa ɗaura laƙataye, kuma wallahi ya shaƙe mini fiye da wuya. Ina da saurin baki tun asali, karatu ya zo ya wasa shi.

A shekarar da na fara koyarwa wata Juma'a na raka shi Alshajara, don ina da wata buƙata a Khartum. Ranar akwai makanikai uku na garejin da ke maƙwabtaka da Kawu, sun zo shan inuwa. Da tsofaffin suka fara, sai na ga ɗaya ya taɓo ɗaya da gwiwar hannu suna murmushi. Wataƙila murmushin sha'awa ne, Allah ne masani. Ni dai kunya ce ta rufe ni, irin wadda ke kama wanda bai daɗe da waye gari ba. Ban bari sun kai ƙarshe ba. Na yi magana da Larabci, don kowa ya ji.

"Baba, ku bar wannan abin don Allah. Ba Turanci ba ne. Ko Baturen da ya koya muku ya dawo yau ba zai gane ku ba. Turancin masu goge wa Bature takalmi ne."

Hannuwan Kawu suna sama a lokacin. Bai sake su ba. Ya sunkuya a hankali ya kwantar da bindigar da babu ita a kan tabarma, bakinta yana kallon bango, yadda ake yi wa ta gaskiya, sannan ya ɗauki kofinsa. Makanikan suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Baba ya dube ni, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan, ya ce da Hausa, "To, Ustaz."

Tun daga ranar ban ƙara jin Babana a bakinsa ba. Ustaz ya ci abinci? Ustaz zai fita? Mutanen unguwa suka ɗauka girmamawa ce, don haka ake kiran malamin makaranta a nan, har ana yaba masa. Ni kaɗai na san an ɗaga ni ne an ajiye a can sama inda hannu ba ya kaiwa. Ya ci gaba da zuwa Alshajara, bai ƙara cewa in raka shi ba, ni kuma girman kai ya hana ni ba da haƙuri. Na ce wa kaina ai gaskiya na faɗa. Da wannan na kwana na tashi shekara ashirin da wani abu.

A cikin shekarun nan gidan ya zube mutum-mutum. Uwarmu ta rasu. Yayana ya tafi Jidda aiki bai dawo ba sai a waya. Ƙannena mata suka yi aure, ɗaya Jazira ɗaya Kasala. Nawa auren ya mutu ba tare da haihuwa ba, kuma in ana neman mai laifi a fara ta kan bakina. Na kwaso littattafaina na dawo ɗakin da na tashi a ciki. Sai ya zamana mu biyu ne a gida mai ɗaki huɗu, ni da tsoho.

Sannan Kawu ya rasu. Muka je tare, muka yi zaman makoki kwana uku, muka dawo. Juma'ar da ta biyo Baba ya yi wanka da hantsi, ya sa farar jallabiya, ya naɗa rawani, ya kai bakin ƙofa. Ina kallonsa ta taga. Ya daɗe a tsaye yana riƙe da ƙyaure, sannan ya juyo ya zauna a kan benci a tsakar gida har aka kira sallah a masallacin unguwa. Bai ƙara ƙetare gada ba. Idonsa ma ya fara rauni, ya ba da hayar shagon, ya kawo gida keke guda da kwalayen nan biyar.

Kaɗaici irin na mutum biyu ya fi na mutum ɗaya ciwo, na ɗanɗana duka biyun. Muna cin wake a kwano ɗaya da safe, hannunmu yana gogar juna, amma maganarmu ba ta wuce ruwa ya zo, wuta ta ɗauke. Ina so in ce masa wani abu, sai in ji harshena ya yi nauyi, ni da nake cika aji da surutu daga safe zuwa azahar. Shi kuma sai ƙara ladabi yake yi mini. Na fi son ya zage ni.

Wata rana na taso daga makaranta na sauka Suk al-Arabi zan canza mota, na tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa. Cikin tarkacen na ga wani littafin koyon yankan kaya na Turanci, ba bango, gara ta ci gefensa. Na buɗe don kashe lokaci. Sai ga zanen kwalayen Baba, su biyar, siffa-siffa, kowanne da sunansa a ƙasa. Na bi su da yatsa ina furtawa. Babu wanda ya ƙirƙira, babu wanda ya ɓata, bakin Hausa ne kawai ya ɗan lanƙwasa su. Tsofaffin kalmomi ne na masu sana'a, waɗanda littattafan kwalejinmu ba su taɓa jin labarinsu ba. Na tsaya a rana da littafin a hannu har mai kayan ya tambaye ni ko lafiya.

Na shiga gida da sauri, na same shi a kan benci. "Baba, dubi. Kalmominka ne. Duk daidai suke, ga su a rubuce."

Bai karɓa ba. "Na sani, Ustaz," ya ce. "Ni na yanka su."

Na koma ɗaki na zauna. Ashe ni na ɗauka shaidar littafi yake jira, don ni ita nake bauta wa. Sai da na kwana biyu ina juya abin kafin na gane cewa nasa biyar ɗin suna nan cikin bakinsa lafiya lau. Mai amsawa ya rasa. Na ce to, ni zan zama mai amsawa.

Biyu kawai nake tunawa cikin na Kawu. Na hau motar Alshajara, karo na farko tun makoki. An rushe rumfar, an sa mai sayar da katin waya a wurin, darbejiyar dai tana nan. Babbar 'yar Kawu ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo shayi. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni sai ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Wallahi ya Ustaz, mu kullum muna jin su ta katanga, amma wa ya riƙe? Yaba, mahaifin namu, in ya fara sai mu ce kalas, an gama, baƙo ya kusa tafiya, a kwashe kofuna."

Ta dafe goshi ta tono mini uku, a karkace. Ban kula da sauran maganarta ba, na riga na sami abin da na zo nema. Na kai su makaranta, na buɗe babban ƙamus, na gyara rubutun kowacce, na karanta ma'anarta. Sannan na yi abin da malami kaɗai zai yi: na jera su a takarda bisa tsarin haruffa, kamar yadda nake jera sunayen ɗalibai. Na haddace su a mota, na maimaita a banɗaki.

Ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci na dafa shayi da kaina, na kawo tsakar gida, na zauna a ɗaya gefen bencin. Muka sha. Da inuwa ta kai bakin randa na ajiye kofi, na goge tafina a gwiwa. Na ce, "Bat."

Ya juyo gaba ɗaya ya dube ni da idanunsa masu yana. Ya ce, can ƙasa, "Sitirafin." Ya sunkuya ya lalubo takalmansa, ya tashi ya shige ɗaki, ya saki labule. Na zauna da sauran kalmomi huɗu a baki, ban san me na kuma fasawa ba. Mako guda cur bai ce mini ko Ustaz ba.

Juma'ar da ta zagayo ban dafa shayi ba, na shige ɗakina ina gyaran takardun jarrabawa. Sai na ji ƙarar kofuna. Shi ya dafa, da lalube, ya zuba sukari har ya yi yawa. Ya buga benci da tafi. Na fito na zauna.

"Wa ya koya maka kwance bindiga ta gindi?" ya ce. "Magazin tana ciki da harsashi goma, kai kana murɗa katako. Da a gaban Kawunka ne da ka sha mari. Kuma bat ai sallama ce. In ya faɗe ta, na amsa, tashi nake yi. Kai ka zo ka buɗe baki, kalmar farko ka kore ni."

Na ce ban sani ba. Ya ce ya san ban sani ba, abin da ya sa ya dafa shayi ke nan.

Ranar ya faɗa mini asalin abin. A bariki, ɗakin teloli da na masu gyaran bindiga bango ɗaya ya raba su, na kwano. Su biyu ne kaɗai Hausawa a wurin. Shawish ɗin da ke kansu, wato sajansu ɗan ƙasa, ya hana su magana da juna da Hausa, ya ce ba a ruɗana a wurin aiki, wato yaren da ba Larabci ba, duk wanda aka ji zai kwana a gadirum, kurkukun bariki. Amma sunayen kayan aiki dole ne kowane sabon shiga ya haddace, ya riƙa faɗa da ƙarfi yadda sajan Bature ya koyar. To sai Kawu ya ɗaga murya ta bayan kwano ya ce magazin, Baba ya amsa tofsai. Babu wanda zai ce sun yi laifi.

"Ina kwana ke nan," in ji Baba. "Bolti, yaya gida. Siya, ka ci abinci. Mu muka san abinmu. Shekara huɗu da su muka yi zumunci." Ya kurɓi shayi. "Shawish ya hana mu namu. Muka samo wani. Sai ga ɗana da laƙataye ya zo ya hana mu shi ma."

Bai faɗa da zafi ba, shi ya sa ya shige ni. Na sauka daga benci na durƙusa a gabansa, ni da furfura a gemu, na ce ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, in tashi kada shayi ya huce. Amma Ustaz ɗin bai sauya ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Abin da baki ya saba shekara ashirin ba ya sauka rana ɗaya.

Ashe ɓangaren Kawu duk yana kansa, har da motsin yatsu. Ya kama hannuwana ya gyara musu riƙo. Ya ce gwiwar hannuna ta yi sama, ya ce ina jan bolti kamar mai buɗe firji. Siya sai da na yi wata biyu kafin ya yarda na tsamo ta ba tare da ta faɗi a ƙasa ba, abin da babu shi. In na yi kuskure sai ya ce a mayar da komai a sake daga magazin. Ban taɓa taɓa bindiga ta gaskiya ba har yau, ba na kuma fata, amma wannan tawa ta iska na iya kwance ta ido rufe. Shekara uku muka yi a haka, kowace Juma'a, a kan benci ɗaya. Hirarmu ba ta ƙaru sosai ba. Shirun ne ya sauya, ya zama irin na ƙarƙashin darbejiya.

A damina ta uku ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ba da magani, ya ja ni gefe ya ce a riƙa ba shi abin da yake so. Juma'ar ƙarshe bai iya zuwa masallaci ba. Na fito da gadonsa inuwa, na jingina shi da matasai. Shayin ma leɓe kawai ya taɓa. Na yi niyyar in bar abin ranar, sai na ga yana goge tafinsa a gwiwa yana jirana.

Na ce magazin. Ya ce tofsai, hannunsa ya ɗan motsa a kan bargo. Muka bi su a hankali, yana hutawa tsakanin kowace biyu. Na tsamo siya, ya ja numfashi ya haɗa kontinuweshan gaɓa-gaɓa. Daga nan na tsaya. Hannuwana suna sama, saura katakon gindi, na kasa murɗawa. Na ce bari in ƙaro masa ruwa. Na ce rana ta yi zafi, mu bari sai wani mako.

"Ba a barin bindiga rabi a kwance," ya ce. Ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe. "Ƙarasa, Babana."

Na ce bat. Ban san yadda ta fito ba.

"Sitirafin," in ji shi. Ya saki hannuna, ya leƙa gefen gado yana neman takalmansa da ido, na jawo su na ajiye masa kusa. Ranar Lahadi da hantsi ya cika.

Kwalayen biyar suna rataye a bayan ƙofar ɗakina. Da bindigogi na gaskiya suka cika titunanmu a shekarun baya na bar gari tare da jama'a, kwalayen na fara sawa a jaka, da su kuma na dawo. Ranar Juma'a in inuwa ta kai bakin randa nakan ajiye kofi in goge tafina a gwiwa. Nakan ce magazin, in ɗan jira, sannan in ci gaba zuwa bolti. Nasa biyar ɗin na san su sarai, amma ba na faɗa, ba nawa ba ne. Nakan kai har siya in tsaya, hannuwana a sama, sai in tuna ba a barin ta rabi a kwance.